Rediyon da Ke Amsa Sunan Hamadi

Wata bakwai ke nan babu mijina Munji a gidan nan. Mutum ne mai raha da kyauta, amma yana da taurin kai, ga ƙin takardun hukuma.

Da 'yarmu Sawsan ta haihu a Sisili, can Italiya, sai ya ce da jirginsa na kamun kifi za mu tsallaka daga garinmu Kalibiya. Rediyon oba-oba da ke jirgin kuwa a hannun maƙwabcinmu Hamadi ya saye shi, bayan Hamadi ya bar harkar teku. Kowane irin wannan rediyo yana da lambarsa, an yi mata rajista da sunan mai shi. Mai fita ƙasar waje dole ya mai da ita sunansa, ya kuma yanki lasisi.

Na ce, "Baban Sawsan, ka je ofishin rajistar nan mana."

Ya ce, "Shekara arba'in ina teku, Wrida. Yaro mai biro ne zai koya min magana?"

Da azahar, muna tsakiyar ruwa, inji ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙasa. Munji ya danna jan maɓallin neman ceto. Masu ceto suka duba lamba, suka ga sunan Hamadi, suka buga masa waya gida.

Hamadi na cin kuskus. Ya ce, "Ni ke nitsewa? Sai dai a miya. Kuskure ne." Ya ajiye waya.

Matarsa Latifa ce ta ƙwace cokalin hannunsa. "Kai tsoho, wa ka sayar wa rediyon? Ba yau da safe su Wrida suka tashi ba?"

Nan take ya kira masu ceto. Awa uku muna kwasar ruwa da tukunyata kafin jirgin ceto ya iso, ruwa ya kai mana gwiwa. Aka ja mu har Sisili. Jami'an can suka riƙe jirginmu saboda rashin lasisi, amma muka samu halartar sunan jikarmu. Munji ya ɗauke ta, wandonsa duk gishiri, yana dariya yana hawaye.

Da muka dawo ya zauna aji da sa'o'in 'ya'yansa, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi da sunansa. Hamadi bai daina tsokanarsa ba: "Ina kwana, Hamadi na biyu?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, mai nitsewa a miya." Sau huɗu muka ƙara tsallakawa lafiya kafin ajali ya same shi a kan gadonsa.

Darasin da na ɗauka shi ne, daɗewa a sana'a ba ya ɗauke wa mutum bin ƙa'ida. Takardar da ka raina, ita ce ke gaya wa masu ceto wanda za su nema. Ka gyara ta tun kana tudu. Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Munji, ya kai duk wanda ke kan ruwa gaɓa lafiya. Amin.