Takalmin Marilou

Akwai wata budurwa a birnin Cebu, Marilou sunanta, da har yau ba ta manta ranar da ta fara ganin Arnel ba. Ruwan sama ne ya kora ta rumfar da yake gasa ayaba. Ya miƙo mata tsinke ɗaya, ta karɓa. Daga nan aka fara.

Shekara ta zagayo Marilou ba aikin yi. Masu kai 'yan mata aikatau Hong Kong suka ba ta zuwa ƙarshen wata ta kawo amsa. Arnel ya kira ta yadda ake kiran budurwa a garinsu, ya ce, "Inday, kar ki tafi." Amma ba ta da abin da za ta riƙe kanta da shi in ta zauna. Damarta ɗaya ce ta rage: babban kantin tsakiyar gari na ɗaukar mata masu sayar da kaya.

Dokar kantin, ba a shiga intabiyu sai da baƙin takalmi mai tsini. Ranar intabiyu, a layi, gabanta akwai wata mata mai 'ya'ya uku, Manang Perla, wato Yaya Perla. Suka yi ta hira, har Marilou ta ba ta labarin mai ayaba. Ana dab da kiran Perla, dunduniyar takalminta ta ɓalle.

Perla ta yi dariya, idonta ya ciko. "Kin gani? Takalmin ma ya gudu ya bar ni, kamar uban yarana."

Marilou ta cire nata. "Saka wannan, Manang. Kafin a zo kaina kin fito."

Amma ƙofa biyu ce ake shiga. Perla na shigewa ta ɗaya, aka kira Marilou ta ɗayar.

Madam mai intabiyu ba ta ko kalli fuskarta ba, ƙafarta ta kalla. "Kasuwar kifi kika zo?"

"Madam, aro na bayar, yanzun nan za a..."

"Mai bi mata ta shigo!"

Duk gaisuwar da ta kwana biyu tana gwadawa a gaban madubi, ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Kunya ta hana ta jiran Perla. Ta fito titi ba takalmi, kwalta na ƙona ta.

A gida ta sauko da jaka ta fara haɗa kaya. Ta zo rumfar Arnel ranar Lahadi don ta yi masa sallama, ta zauna. Sai ga Perla tana haki.

"Ke 'yar nan, kin san masu gasa ayaba nawa ne a garin nan? Duk na zagaye su!" Ta zauna ta kama hannunta. "An ɗauke ni. Na gaya wa Madam ɗin da ta kore ki abin da kika yi, na roƙe ta har ta kore ni daga ofis. Ta ce gurbi ya cika. Sai lokacin Kirsimeti za su ƙara mutane, ki zo ta gan ki. Aikin wata biyu ne kawai, kuma ba ta yi alkawari ba. Iyakar abin da na iya ke nan, Inday."

Kirsimeti saura wata huɗu. Wata huɗu ba albashi, ba tabbas.

Arnel ya ci gaba da juya ayaba, ya ƙi ɗago kai, har ta fara ƙonewa. Marilou ta daɗe tana kallonsa.

"Arnel," ta ce, da ƙarfi yadda Perla ma ta ji. "Ba zan tafi ba. Ko sun ɗauke ni ko ba su ɗauke ni ba, ina nan tare da kai."

Darasi: Alheri ba kullum yake biyanka nan take ba, wani lokacin ma sai ya fara da jawo maka asara. Amma yakan bar maka mutanen da za su zagaye gari suna nemanka. Ku tura wa duk wanda ya gaji a layin neman aiki, kada ya bari wahala ta busar masa da zuciya.