Rariyar Da Alhaji Tambari Ya Toshe

Akwai wani mutum da aka yi a Sakkwato ana ce masa Alhaji Tambari, a zamanin da soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma suna shigowa ƙasar nan kamar ba za su ƙare ba. Ku gyara zama jama'a, don ni kaina duk lokacin da na tuna labarin nan sai raina ya ɓaci.

Tambari ɗan Unguwar Rogo ne, can aka haife shi, can ya girma. A ɗaki guda ya tashi shi da ƙannensa, kan wani bisa ƙafar wani. Da Allah ya buɗa masa ya samu kwangilar kai wa soja siminti, sai ga shi yana toshe hanci in ya shigo lungun da aka binne cibiyarsa.

A shekarun nan fari ya koro mutane daga ƙauyuka, kowa ya nufo birni neman abin kai wa baki. Unguwar Rogo ta cika ta batse. Ɗakin da dā mutum biyu ke kwana ya koma na iyali guda, zaure ya koma na baƙi, gida ya manne da gida har babu wurin shanya.

To, mutanen da suka matsu haka suna da dabarar zama tun kakanni. A gindin kowace katanga akwai rami da ake bari, shi ake kira rariya. In an yi ruwan sama, ruwan gidan da ke tudu ya bi ta rariya ya shiga gidan maƙwabci, daga nan ya wuce na gaba, har ya fita unguwa. Ko faɗa kuke yi da maƙwabcinka, ko kun shekara ba ku gaisa ba, ba ka toshe masa rariya. Abin kunya ne da ba a taɓa ji ba.

Tambari ya sayi gidajen da ke tsakiyar gangaren unguwar, ya rushe su, ya zagaye filin da doguwar katangar bulo, ya gina sito a ciki. Da maginai suka zo barin rariya, sai ya daka musu tsawa. Ya ce ba ya son ƙazantar talakawa da ɓerayensu a harabarsa. Ta sama da ta ƙasa duk ya sa aka liƙe da siminti, aka bar ɗan bututu guda mai fita titi.

Gidan da ke manne da katangar ta sama na Arzika ne, ɗan dako a kasuwa, abokin wasan ƙasan Tambari. Da bayansa yake sauke wa Tambari siminti daga mota. Mutum ne mai fara'a, duk 'yan dakon garin sun ɗauke shi babban yaya. Matarsa Dije tana tuyar masa a ƙofar gida. Akwai kuma Malam Markus, malamin firamare daga kudancin Zariya, da ke haya a ɗaki guda cikin gidan.

Da damina ta kusa, Arzika ya ja Malam Markus suka je suka sami Tambari yana jingine da sabuwar Marsandinsa.

Arzika ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, kan maganar rariya munka zaka. In ruwa ya sauka, ba shi da hanya sai gidanga naka. Ginin ƙasa gare mu, ga ɗiya ƙanana."

Tambari ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Arzika, na tahi Jidda, na tahi Landan, na ga duniya. Duk ƙasar da kag ga mutane sun taru awa kiyashi, talauci na nan zaune. Matsalarku guda ce, kun cika yawa. Ku rage kanku ku koma ƙauye, ruwa shi samu hanya."

Malam Markus ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Akwai ƙasashen da suka fi mu cunkoso nesa ba kusa ba, amma suna cikin wadata, saboda kowa yana barin wa ɗan'uwansa hanya. Yawa ba ya kashe mutane, toshe hanya ke kashe su."

"To, ka tahi ka koya ma 'yan makaranta," in ji Tambari. Ya shige mota ya bar su da ƙura.

Ka ji fa! Mutumin da uwarsa ta sha aron garwashi a gidan su Arzika.

Cikin watan Agusta, wata ranar Laraba bayan la'asar, aka kece da ruwa. Ruwan unguwa kaf ya gangaro gidan Arzika, ya zo katangar Tambari ya tsaya. Kafin a ankara ya kai gwiwa, ya shiga cin gindin ɗakuna.

Arzika ya dinga shiga yana fito da yara, nasa da na maƙwabta, yana miƙa wa Malam Markus. Ya koma ɗauko 'yar autarsu, ya miƙo ta ta ƙofa ke nan, bango ya zube, azara ta sauko masa a baya. Bayan da ya ci da iyali da shi shekara da shekaru, shi ya karye. Kafin magariba Arzika ya cika.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar sadakar uku, Tambari bai ko tako ba. Sai ya aiko direbansa da buhun shinkafa. Dije tana cikin takaba, ta sa aka mayar da buhun ƙofar sitonsa, ta ce wa direban, "Ka ce ma Alhaji mun cika yawa, buhu guda ba ya isar mu. Ka ce mashi kuma ni Dije ban yafe ba, kuma ba ni tashi daga wuringa."

Ba ta tashi ba kuwa. Mutanen unguwa suka yi gayya, suka tayar mata da ɗaki, suka haƙa wa ruwa wata doguwar hanya ta bayan gidaje. Da ta fita takaba ta koma bakin tandarta, daidai inda take kallon ƙofar Tambari. Duk ɗan dakon da ya zo sayen masa, sai ta nuna masa katangar da bakin cokali ta ce, "Ga abin da yak kashe yayanku." Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba, kullum haka.

Da damina ta zagayo, Tambari ya samu kwangilar da ta fi duk wadda ya taɓa samu. Wani babban soja ya ba shi aikin kawo simintin ginin bariki. Motoci suka yi ta shigowa da leburorinsu daga kudu, suna jibge kaya suna juyawa. Sito ya ɗauki abin da zai ɗauka, sauran aka tula a fili, tsibi ya fi katanga tsawo. Tamfol ɗin da ke akwai ko kan tsibin bai rufe ba. Tambari ya ce ba komai, jibi motocin soja za su kwashe.

Washegari da hantsi sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tamfol.

Wanda ya san siminti ya san abin da ruwa ke yi masa. Tambari ya aika kasuwa a kirawo 'yan dako, a kwashe kayan a raba a zaurukan unguwa kafin ruwa ya sauko. Ɗan aike ya dawo shi kaɗai. Ya ce duk wanda ya ji sunan mai kayan sai ya juya masa baya.

Tambari ya fito da kansa, babbar riga tana jan ƙasa, hula a karkace. Lungun cike yake da mutane kamar kullum, samari majiya ƙarfi zaune a kan dakali, wasu tsaye a bakin tandar Dije. Da a ce sun tashi, wallahi kafin ɗigon farko sun kwashe kayan nan tas.

Ya ɗaga murya ya ce, "Samari, ku taimaka! Duk abin da kunka ce, shi za ni ba ku!"

Babu wanda ya motsa. Duk suka juya suna kallon Dije.

Nan Tambari ya gane inda maganar take. Ya zo gaban tandar, ya durƙusa a ƙasa, shi da Arzika ke rusuna wa. Ya ce, "Dije, don Allah don Annabi. Kayan soja na. In sunka lalace, kashina ya bushe. Ki yi masu magana."

Malam Markus ya matso ya ce a hankali, "Maman yara, ko za a duba? Ya durƙusa."

Dije ta juya masa a tanda, ta juya ta biyu, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, da hannunka ka karɓi ɗiyata daga hannun Arzika. Shi ma durƙusawa yay yi gaban wanga mutum." Malam Markus ya koma gefe.

Sannan ta dubi Tambari ido cikin ido ta ce, "Alhaji, mi za ka yi da mu? Ai mun cika yawa. Kai kac ce mu rage kanmu, to ga shi mun rage. Yau babu kowa unguwarga sai kai ɗaya. Tahi ka ɗauki kayanka."

Ta sauke tanda, ta kwashe garwashi, ta shige gida. Mutane suka watse, kowa ya ja ƙyaurensa. Lungun da ko tsakar rana sai ka yi kafaɗa da kafaɗa kafin ka wuce, ya zama wayam.

Aka tsuge da ruwa. Tambari da direbansa da maigadi suka yi ta jan buhu, su uku rak, har numfashinsu ya ƙare. Ruwa ya daki tsibin ta sama. Ta ƙasa kuma, da yake babu rariya ko ɗaya a katangar, takardun buhu suka toshe ɗan bututun nan, harabar ta koma kududdufi, ruwa ya kutsa har cikin sito. Ya nemi inda zai fita ya rasa, kamar yadda ya rasa a gidan Arzika.

Da motocin soja suka iso, dutse suka tarar. Ba su tsaya jin bayani ba. A gaban jama'a sojojin suka sa Tambari tsallen kwaɗo cikin taɓo, suka jefa shi bayan mota. Gida da Marsandi da fili duk aka ƙwace. Ni dai ban ce dukan soja abin so ba ne, amma a ranar nan babu wanda ya zubar masa da hawaye a Unguwar Rogo.

Motar soja na ɓacewa, Dije ta fito da taɓarya a hannu. Ta nufi gindin katangar, daidai inda tsohuwar rariya take, ta shiga duka. 'Yan dako suka taso za su karɓa, ta ce kada wanda ya taɓa. Ita kaɗai ta yi ta duka, tafin hannunta ya fashe, har bulo ya huje, ta hango hasken wancan gefen.

Sai a lokacin ta zauna a ƙasa ta yi kukan mijinta, kukan da ta riƙe tun ranar da aka fitar da shi.

Darasi: Kada ka raina mutane don sun yi yawa kuma ba su da komai. Cunkoso ba laifin talaka ba ne, kuma jama'a ba su halaka don yawansu sai in mai hali ya toshe musu hanya. Wanda ka ce ya yi maka yawa yau, gobe hannunsa za ka nema ka rasa. In Allah ya ɗaga ka, ka bar wa maƙwabcinka rariyarsa. Ku tura wa 'yan'uwa labarin nan, musamman wanda ya fara gina doguwar katanga.