Tsakar da Ta Faɗa Tulun Tabawa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da ake auna alkama da ƙwarya, sunanta Tabawa. Kada ku tambaye ni sunan garin. Da na faɗa, wani a cikinku zai ce ai kakarsa 'yar can ce, ba haka aka yi ba, mu ƙare zaman nan wajen musu. Ku dai saurara.

Tabawa ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kai ta. Mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, dangin miji suka bar mata ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a can ƙarshen gida. Mace irin wannan, ku ma kun sani, ba a korar ta, ba a kuma neman ta. Abu guda ya sa ake tunawa da ita a unguwa, shi ne alkaki.

Kaɗi take yi shekara guda cur, ta sayar da zaren ta sayo alkama da man shanu da zuma. In azumi ya kai ashirin da bakwai sai ta barza alkamarta, ta murje ta da mai, ta sa tsami ta rufe ya kwana. Washegari ta zauna tana mulmulawa tana naɗewa, ta soya a wuta marar gaggawa, ta tsoma a zuma mai ɗumi. Ba na sayarwa ba ne. Gida goma sha biyu take kai wa ranar jajiberen ƙaramar salla, kowane gida da kwanonsa. Saboda alkakin nan, in za a yi gara a unguwa sai an kira Tabawa. In an yi suna, Tabawa. A shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar mata, a ce, "Inna, zo ki duba mana ko ya tashi." Wannan shi ne danginta. Wannan shi ne 'ya'yanta. Ba ta da wani abu bayansa, ku riƙe wannan.

To, wata shekara, ranar jajibere, ta gama aikinta tun hantsi. Ita da Hansai, matar ƙanen mijinta, suka zaga suka kai kwano goma sha biyu. Aka yi ta sa mata albarka. Ba wanda ya ɗanɗana, don kowa da azumi a bakinsa, sai an sha ruwa.

Bayan la'asar ta ce bari ta karkata tulun zumar ta kwashe 'yar ragowar da ke gindi, ta wanke shi ta kife. Tana karkatawa, sai ga abu ya silalo cikin ludayi. Tsaka ce. Matacciya, ta kumbura, ta yi fari. Ba yau ta faɗa ba.

A garin nan an ɗauka tsaka in ta mutu a abinci dafi ce, wasu ma su ce kuturta take sawa, kamar yadda mu ma muka taso muka ji. Ko haka ne ko ba haka ba ne, ku tambayi mutanen asibiti. Abin da na sani, Tabawa ta yarda haka ne, kuma kowa a garin ya yarda haka ne.

Hansai na tsaye a kanta. Ta leƙa ludayi, ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

Ta ce, "Yaya, wa ya gani?"

Tabawa ta ce, "Ni da ke."

"To ni ban ga komai ba. Idona ciwo yake tun jiya. Miƙo nan in jefa ta a masai."

Tabawa ba ta miƙa ba.

Hansai ta ce, "Zumar nan ba sai da kika ɗora ta a wuta ba? Wuta ai ba ta barin komai."

Tabawa ta ce, "Ga naku can a ɗaki. Za ki ba 'yarki ta ci?"

Hansai ta ce, "Ba zancen 'yata muke yi ba." Ta gyara ɗaurin zane, ta sake shawara. "To in dole sai kin karɓo, ki ce tsami ne ya yi yawa, kunya kike ji, su ba ki abinki."

Tabawa ta ce, "In na ce tsami, za su ce ba komai Inna, bari a sha ruwa mu ɗanɗana. Wanda ya ji tsami zai ɗanɗana. Wanda ya ji tsaka ne kaɗai zai zubar."

"To ki ce daga wajen mai zuma ta zo. Baƙo ne, ya tafi, wa zai bi shi?"

"Ranar da na karɓo, da hannuna na tace ta. Ni na bar tulun a buɗe shekaranjiya, na tashi salla na manta."

Hansai ta ce, "Yaya, ki ji ni da kyau. Mutanen unguwar nan na fi ki sanin su, a cikinsu aka haife ni. In kalmar nan ta fita daga bakinki, ko ruwa kika ba su ba za su ƙara sha ba."

Jama'a, Hansai ba ƙarya ta yi ba. Ku lura da wannan. Sau da yawa mai ba ka muguwar shawara gaskiya yake gaya maka game da mutane.

Tabawa ta dubi inuwar katanga, ta ga rana ta yi nisa. Ta ɗauki mayafi da babbar ƙwarya. Ta ce, "Ki zo ki kama min, ke shida ni shida, kafin a kira magariba."

Hansai ta ce, "Ni tuwona na kan wuta."

Ita kaɗai ta fita. Tsohuwa, da azumin kwana ashirin da tara a jikinta, gida goma sha biyu, ba kuma jere suke ba. Kowane gida ta yi sallama, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta faɗi magana ɗaya: "Alkakin da na kawo kada a ci. Tsaka na samu a tulun zumar. Sakacina ne, ku yafe ni." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sau goma sha biyu ta faɗi wannan da bakinta. Wani a cikinku sau ɗaya ma aka ce ya faɗa, sai ya yi zazzaɓi.

Gidan farko suka juye mata alkakin a ƙwarya. Gida na biyu matar gidan ta ɗauko kwanon da tsumma, kamar garwashi ne a ciki. Gida na biyar, gidan wata yarinyar mace ce mai suna Kande. Tana jin maganar ta yi kan ɗiyarta 'yar shekara huɗu, ta buɗe mata baki tana dubawa, don yarinyar ba ta azumi, ta riga ta ci biyu.

Kande ta ce, "Inna Tabawa, in wani abu ya sami yarinyar nan, ni da ke ne."

Tabawa ta ce, "Ki ba ta madara ta sha. Allah ya tsare."

"Allah ya tsare? Da kin rufe tulunki ai da ya tsare."

Tabawa ta ce, "Haka ne." Ta wuce.

Gida na ƙarshe shi ne na Hajiya Yalwa, matar wani madugu, wadda in ta yaba abu unguwa ta yaba, in ta kushe an kushe. Tabawa ta isa ana shirin kiran salla, leɓenta ya bushe, ƙwarya ta cika a kanta, zuma na bin wuyanta. Ta tarar Hajiya ta jera alkakin a sabon akushi, an rufe da faifai mai ado, za a kai gidan surukan ɗanta da safe. Ta faɗi maganarta.

Hajiya ta daɗe tana kallon ta. Ta ce, "Tabawa, shekara nawa muna tare?"

"Sun kai ashirin, Hajiya."

"A shekara ashirin ba ki koyi yin shiru ba? Na riga na aika wa surukaina cewa alkakin Tabawa na zuwa. Da kin kama bakinki, da an kai, an ci, an gode, in ma ciki ya murɗa a ce naman salla ne. Yanzu da kika gaya min, yaya kike so in yi? Kin ɗauke kaya daga kanki kin ɗora min."

Ku ji fa. Ba ta ce don me tsaka ta faɗa ba. Cewa ta yi don me kika faɗa min. Ku juya maganar nan a zuciyarku, don a nan duk labarin yake.

Tabawa ta koma gida bayan an sha ruwa. Ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne aikin shekara guda, don kada akuyar wani ta ci. Sannan ta sha ruwa.

Yanzu kuna jira in ce washegari liman ya yabe ta a filin idi, ko wani attajiri ya ji labari ya aiko mata da buhun alkama. Ba a yi ba. Ni ba zan ƙara wa labari zuma don ku ji daɗi ba.

'Yar Kande ba abin da ya same ta, ko atishawa. Sai aka ce, kun gani, tsohuwa ta tayar wa mutane hankali ranar jajibere a kan banza. A wani gidan kuma wani tsoho ya yi gudawa kwana uku bayan salla, wanda ko ganin alkakin bai yi ba. Sai aka ce ai alkakin Tabawa ne. Ta nan an kama ta, ta can an kama ta. Kafin babbar salla sunanta ya koma Tabawa Mai Tsaka. Aka yi gara uku a unguwa ba a kira ta ba. In ta je suna, a gaishe ta da kyau, a zaunar da ita nesa da tukwane.

Shekara ta zagayo. Ta sake yin kaɗi, ta sake barzar alkama. Wannan karon ta ɗaure bakin tulu da tsumma biyu, ta tace zuma sau uku. Ta kai kwano goma sha biyu. Aka karɓa, aka ce an gode, Allah ya maimaita mana. Ranar salla da hantsi tana dawowa daga idi, ta bi ta bayan gidan Hajiya Yalwa, sai ga alkakinta a kan juji, kaji na tsattsaga. Ta san naɗinta, ba wanda yake irinsa. Ta tsaya ta duba, ta wuce. Ba ta gaya wa kowa ba, sai Hansai da ta tambaye ta me ya sa idonta ya yi ja.

Kun san wa ya zama mai alkakin unguwa bayan nan? Hansai. Ta daɗe tana kallon hannun yayarta, ta iya daidai gwargwado. Shekara goma sha biyar tana yi wa unguwa alkakin salla da na gara, ba a taɓa jin an sami ko ƙuda a zumarta ba. Ba a taɓa ji ba. Ni dai ban ce komai ba, amma ku da kanku kun ji abin da ta ce za ta yi da ludayin nan.

Tabawa ta rayu shekara shida bayan haka, tana kaɗinta, ba ta ƙara yin alkaki ba. Ba ta taɓa cewa da na sani ba, ba ta kuma taɓa cewa an zalunce ta ba. In an tayar da zancen sai ta ce, "Ai ni na bar tulun a buɗe." Ranar da ta rasu, mata na zaune wajen gaisuwa, sai Hajiya Yalwa, ta tsufa ita ma, ta ce, "Wallahi tun da Tabawa ta daina, ban ƙara cin alkaki hankalina a kwance ba. Ita kam in da wani abu za ta faɗa." Mata suka ce haka ne, Hajiya, Allah ya ji ƙanta. Aka raba musu gumba, suka tashi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba sana'a ba ce da za ka yi yau a biya ka gobe. Wanda zai faɗe ta ya faɗa don Allah yana gani, ya kuma shirya, don mutane za su iya mayar da shi saniyar ware a kanta. Ladan Tabawa yana wurin Wanda ba ya mantuwa, ba na mata fargaba.

Ku nake wa fargaba. Don na san kowa a nan yana zaune yana cewa shi ne Tabawa. A'a. Yawancinmu gidajen nan goma sha biyu ne. 'Ya'yanka biyu sun yi ɓarna, ɗaya ya zo ya faɗa, ɗaya ya yi shiru, wanne ka daka? Bakaniken da ya ce maka, Alhaji ni na karya abin nan da hannuna, ka sake kai masa mota? Mai awon da ta ce hatsin nan akwai tsakuwa, ba wucewa ka yi wajen wadda ta rantse maka ba? Matarka ta faɗa maka kuskurenta sau ɗaya, yau shekara nawa kana goranta mata? Sannan mu zo masallaci mu ce duniya ta lalace, ba mai gaskiya. Mu ne muka koya wa mutane cewa shiru ya fi lafiya.

Salla saura kwana kaɗan. Za a kawo muku kwanuka daga gidaje, za ku ci, ba ku san abin da ya faɗa tukunyar kowa ba. In Allah ya haɗa ka da mutumin da zai tako da ƙafarsa ya ce maka kada ka ci, laifina ne, to ka riƙe shi da hannu biyu. Badi in ya kawo, nasa za ka fara ci, kuma a gabansa.

Allah ya ba mu ikon faɗa, ya ba mu ikon ji. Ku tashi, an kusa kiran salla.