Shaidar Yatsa a Jikin Mangwaro

Akwai wata mata, matar wani ɗan kwangila, da 'yarta mai cikin wata bakwai ta tashi da kwaɗayin mangwaro. Ranar Asabar uwar ta nufi kasuwar manoma da ke ci a filin bayan tasha, inda kowa ke kawo abin da gonarsa ta ba shi.

Ta tsaya gaban wata tsohuwa mai kwando ɗaya, ko sallama babu. Ta ɗauki mangwaro ta danna masa babban yatsa har farce ya shige, ta wurgar cikin kwandon. Sai da ta yi wa bakwai haka. Ni fa abin nan yana ƙona mini rai, jama'a.

"Hajiya, ba a danna shi," in ji tsohuwar. "Shinshinawa ake yi ta inda aka tsinko shi."

"Ke za ki koya mini cefane? Abu kore shar, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci."

"Farkon lokacinsa ne. Kwana uku cikin kwali zai nuna. Amma waɗancan rawaya na bakin ƙofa ki bar su, mai su ba manomi ba ne, magani yake sa musu."

"Kayanki sun yi kwantai, shi ne kike ɓata na wani. Tsufa da hassada, Allah ya sawwaƙe."

Tsohuwar ta ware bakwai ɗin gefe. Hajiya kuwa ta cika leda da rawayan ta wuce.

'Yar ta sha, kafin la'asar tana murƙususu, amai da ciwon ciki. Kwana biyu suka yi a asibiti, ana tsoron kada cikin ya taɓu. Likita ya yanka ɗaya daga ragowar mangwaron a gaban Hajiya: waje rawaya, ciki fari fat, ɗanye.

Allah ya kiyaye, ciki ya tsaya.

Wata Asabar ɗin Hajiya ta koma neman mai rawaya da niyyar rigima. Ya ɓace. Tsohuwar ce dai zaune a inda take.

"Iya, ina kwana," ta ce, murya ƙasa.

Tsohuwar ta yaye wani tsumma. Ga bakwai ɗin nan, kowanne da baƙin tabo daidai faɗin yatsa, ya ruɓe har ƙwallo.

"Ga sa hannunki, na ajiye miki. Shekara guda nake jiran bishiyar nan, kika kashe 'ya'yanta kafin in ƙifta ido."

Hajiya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Sai tsohuwar ta zaɓo nunannu uku, ta shinshina, ta miƙa mata.

"Ba ke na ba wa ba. Na mai ciki ne."

Darasi: Abin da ba ka shuka ba, kada ka wulaƙanta shi, kuma kada ka raina mai gaya maka gaskiya don zaninta ya koɗe. Ku tura wa masu zuwa cefane, ko Allah zai sa yatsun nan su huta.