Filafilin Sarkin Jirgi Bagudu

Ku gyara zama. Wannan labari ba na masu gyaɗa kai ba ne, in na kai ƙarshe sai kowa ya faɗi inda ya tsaya.

A bakin kogin Kwara, can ƙasan Yawuri, an yi wani Sarkin Jirgi mai suna Bagudu. Tun yana saurayi yake haye da mutane, bai taɓa barin ko akuyar wani a ruwa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Da tsufa ya kama shi, ƙafafu suka ƙi, sai ya yi niyyar miƙa filafilin sarauta ga ɗaya daga cikin ma'aikatan babban jirginsa mai inji: Nomau matuƙi, Magawata mai tsayuwa a goshin jirgi yana duban hanya, da Arzika mai kwarfe ruwa. Ran wata kasuwa ya sa aka ɗauko shi aka zaunar a jirgin, ya ce zai yi hayin ƙarshe ya ga kamun ludayinsu.

Dokar ruwan nan ɗaya ce. Ƙaramin kwalekwalen da ake ja a bayan jirgi na mata da yara ne. Ma'aikacin da ya riga su shiga, ya rabu da kogi har abada.

Tun a gaɓa Bagudu ya ga jirgin ya nutse fiye da kima. 'Yan kasuwar albasa sun yi wa Nomau caa, shi kuwa ba ya iya kallon idon mai babbar riga ya ce a'a, ya bari suka danna buhuna a kan buhuna. Suna tsakiyar kogi Magawata ya hango duhun kututture a ƙarƙashin ruwa. Makon da ya wuce ya yi ihu a kan ciyawa an yi masa dariya, don haka ya tsaya wasiwasi. Kafin ya buɗe baki, ji kake gau, katako ya tsage, ruwa ya fara bulbulowa. Mata suka ɗauki salati. Ga Bagudu ko miƙewa ba ya iyawa.

Magawata ya yi tsalle cikin ramin jirgin, ya cusa rigarsa a ɓarakar, ya danne da bayansa. Tsagaggen katako yana yankarsa, ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, bai motsa ba. Ba don shi ba, da jirgin ya nutse nan take.

Nomau ya rungume sandar tuƙi. Injin ya kama hayaƙi, ƙarfe ya yi zafi har fatar hannunsa ta saɓule, mutane suna jan rigarsa wai ya juya gida. Ya ƙi. Ya san da wani tudun yashi da ruwa ya rufe, ya doshi wurin ya kafa jirgin a kai. Ba don shi ba, da igiyar ruwa ta kifar da su, ko Magawata ya toshe ɓaraka goma.

Arzika kuwa, Bagudu da idonsa ya gan shi. Ya yar da ƙoƙon kwarfa, ya tsallake wata mai goyo, ya faɗa ƙaramin kwalekwale, ya yanke igiya. Tsohon ya kira sunansa har muryarsa ta dishe, ko waiwaye. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, ya sunkuyar da kai.

Tudun bai zama mafita ba. Yashi yana zaizayewa, jirgin yana karkata, gaɓa ta yi nisan da ko gwanin iyo ba zai kai ba. Bagudu ya dubi yaran da aka ɗora a kafaɗu, ya saddaƙar. Can sai ga jiragen masunta sun kunno kai rututu, Arzika a gaba yana tuƙi kamar zai karya filafili. Aka kwashe kowa, har Magawata da aka ciro a sume. Na ƙarshe yana sauka jirgin ya kife.

A gaɓa mutane suka ɗaga Arzika sama. Bagudu ya sa aka sauke shi, ya ce, "Faɗa mini tsakaninka da Allah. Kiran agaji ka tafi?"

Arzika ya ce, "Baba, gudu na yi. Har na hango gida. Kukan yaran nan ne ya ƙi fita kunnena, na juya wajen masunta."

Nan aka rabu uku. Wasu suka ce Magawata ya ba da jikinsa, aka ce shirunsa ne ya fasa jirgin. Wasu suka ce Nomau bai saki tuƙi ba, aka ce tsoronsa ne ya cika kaya. Mai goyon nan ta ce ita dai ta ga ƙafar Arzika ta tsallake ɗanta, kuma hannunsa ne ya karɓi ɗan daga baya. Bagudu yana zaune a kan yashi, filafilin a cinyarsa, ya san gobe ma akwai masu hayi.

To, ku da kuke zaune a tudu ƙafarku a bushe, wane ne a cikin ukun nan za ku yarda ya haye da 'ya'yanku?