Ɗa Ɗaya, Aminai Uku a Gidan Tanimu

Ku matso, ku gyara zama! Yau na zo muku da wadda za ku yi ta gardama har muryoyinku su dushe.

A wani kamfanin casar shinkafa a Funtuwa akwai mai kula da babban inji, sunansa Tanimu. Shekara goma sha ɗaya da aurensa da Lantana ba haihuwa, sai ga ciki. Ana cikin murna, a wata na bakwai jininta ya hau. Likita ya ce a kwantar da ita a Zariya har ta sauka, kuma mijin ya zauna kusa, don ba su da dangi a can. Tanimu ya ruga wurin manaja. Manaja ya ce, "Malam Tanimu, kaka ce fa, shinkafa sai shigowa take. In ka fita ƙofar nan, ka fita ke nan."

Tanimu yana da aminai uku a kamfanin.

Na farko Ɗanjuma, akawu. Da ya ji labari sai ya shige sito, ya yi wuni biyu yana tonon tsofaffin takardu, har ya zaƙulo littafin ƙa'idojin aiki da kowa ya manta da shi. Ga shi nan a rubuce: ma'aikacin da iyalinsa ke kwance yana da hutun wata uku, ba albashi, amma aikinsa na jiransa. Ɗanjuma ya tsaya gaban manaja, ma'aikata sun cika ƙofa, ya karanta da ƙarfi, yana sane sarai cewa kujerarsa yake wasa da ita.

Manaja ya ciji yatsa, ya ce, "Karanta abin da ke ƙasa! An ce muddin aiki bai tsaya ba. Wa zai riƙe injin?" Sai Magaji, amini na biyu, ya ɗaga hannu. Ga injinsa, ga na Tanimu. Mako goma yana zirga-zirga tsakanin su biyun, ƙaiƙayi a wuya, tafin hannu duk kanta, ko Lahadi bai huta ba. Injin bai yi shiru ko na yini ɗaya ba.

To, hutu ya samu, amma me za a ci? Isiyaku direba, shi ne na ukun, ya buɗe rumbunsa ya raba masarar gidansa biyu. Rabi ya sayar aka sayi magani, daga sauran kuma duk Juma'a sai ya kai gari da kuka da man gyaɗa har bakin asibiti, shi da iyalinsa suna maneji.

Sai ga waya daga Zariya: Lantana ta sauka lafiya, namiji! Kamfani ya kaure da guɗa da kabbara, har manaja sai da ya yi dariya ya aika da buhu guda.

Ranar suna rago na ɗaure, goro na zagayawa, liman ya sunkuyo ya ce, "Wane suna za a raɗa?" Tanimu ya riga ya yi alkawari zai yi wa amininsa takwara. Ya dubi tabarma, ga su nan su uku a jere, ɗan kuwa ɗaya ne.

To, jama'a, ku taimaki Tanimu, liman na jira: Ɗanjuma, Magaji ko Isiyaku, sunan wa ya kamata yaron nan ya ci?