Wuƙar Alu Mai Tsagewa

Akwai wani maƙeri a Dutsin-Ma ana kiransa Malam Badamasi. Wuƙa kawai yake ƙerawa, ta mahauta da ta yankan layya. Shekara shida da suka wuce ya buɗe wani zaure a WhatsApp, ya tara maƙera da masu sha'awar wuƙaƙe, mutum kusan ɗari biyu.

Da farko duk wanda ya shigo sai Malam Badamasi ya yi masa maraba da sunansa. Amma shekaru sun ja, kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo, tambayoyin kuma ba su sauya ba. Wane ƙarfe ya fi? Ina ake samun gawayi mai kyau? Ya amsa har ya ƙosa. Sai ya koma ya buɗe wayar, ya duba, ya kife ta.

Wata Laraba bayan azahar wani baƙo ya shigo, sunansa Alu, daga Ɗantutture. Ya turo hoton wata wuƙa karkatacciya, ta tsage tun daga baki har tsakiya. Ya biyo da saƙon murya a hankali:

"Salamu alaikum iyayen gida. Wannan ita ce ta huɗu da ta tsage mini. Don Allah me nake yi ba daidai ba?"

Sabitu, wani maƙeri mai kaifin baki, shi ya fara amsawa: "Wannan wuƙa ce ko lauje ne ya yi haɗari?"

Nan take aka cika zauren da hotunan dariya.

Malam Badamasi ya gani. Ya san amsar, ba za ta ci minti ɗaya ba. Amma ya gaji. Ya ce a ransa, wani ya amsa mana, ya koma kan zuga-zuginsa.

Bayan la'asar ya sake dubawa, ya ga Alu ya fita daga zauren. Ba wanda ya amsa masa ko sallamar.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya ja saƙonni baya, ya tarar a watan nan kaɗai mutum biyar sun shigo sun fita haka, shi bai ma lura ba. Ya ajiye masaba, gudumarsa ta ƙira, ya kira lambar Alu.

"Malam Alu? Badamasi ne, mai zauren maƙera. Ka yi sallama ba mu amsa ba. Wa alaikumus salam."

Alu ya ce, "Ai ba komai, Malam. Ni na shiga wajen da ba nawa ba."

A nan ya ji labarinsa. Magidanci ne mai 'ya'ya shida. Da kiwo ya tashi, shanun suka ƙare, yanzu yana neman abin da zai riƙe gida da shi.

"Da wane ƙarfe kake yi?"

"Sifirin mota."

"In wuƙar ta yi ja, a me kake tsoma ta?"

"A ruwan randa."

"To shi ne. Wannan ƙarfen ba ya son ruwa. Nemi baƙin mai wajen makanike, ka ɗan ɗumama shi, ka tsoma a ciki. Ka turo mini abin da ka gani."

Bayan kwana uku hoto ya zo. Wuƙar ba ta da kyau, amma ba ta tsage ba. Malam Badamasi ya mayar da Alu zauren da hannunsa, ya rubuta cewa daga yau duk wanda ya yi wa baƙo dariya, shi ne zai fita. Sabitu ya yi gunaguni, ya haƙura.

Watanni suka shuɗe. Saura kwana goma Babbar Sallah, lokacin da kowa ke neman wuƙa, kafaɗar Malam Badamasi ta riƙe gaba ɗaya. A asibiti aka ce kada ya sake ɗaga masaba sai bayan wata guda. Ya faɗa a zaure. Addu'o'i suka yi ta shigowa, kowa kuma na fama da nasa aikin.

Washegari da hantsi wani dogon mutum ya sauka daga babur a ƙofar maƙera, duk ƙafarsa taɓo.

"Ni ne Alu. Kai ka zauna ka riƙa faɗa, ni in riƙa duka."

Kwana tara yana zuwa daga Ɗantutture yana komawa. Mahautan da suka ba da aiki duk suka karɓi wuƙaƙensu kafin ranar yanka.

A ranar ƙarshe Malam Badamasi ya ce, "Malam Alu, wannan wahala ta yi yawa a kan kira ɗaya."

Alu ya goge zufa da gefen rigarsa.

"Malam, ranar da ka kira ni na riga na ɗaure masaba da awartaki a buhu. Washegari zan kai su kasuwar Kurfi in sayar."

Malam Badamasi ya miƙa masa hannun hagu, don na daman ba ya ɗaguwa.

Darasi: Tambayar da ka gaji da ji, wani yau ne ya fara yin ta, kuma ba ka san abin da ya rataya a kan amsarka ba. Idan baƙo ya yi sallama a zaurenku, ku amsa masa kafin ku duba aikinsa. Ku tura wannan zuwa zaurukan da kuke ciki, musamman ga masu kula da su.